Dillalin da ya samo mana gida mai zaure a hanyar Gombe

Gaskiya dillalan gidaje a Bauchi suna da yawa, amma wanda zai fara tambayarki yaranki nawa da shekarunsu kafin ya tambayi kuɗin da ke hannunki, samun irinsa sai an tona. Wani dattijo ne, maƙwabciyarmu ta haɗa mu da shi lokacin da muka gaji da cunkoson cikin gari, yara ba wurin wasa sai bakin titi ga 'yan acaɓa ga Keke. Na ce masa Baba, ni fa gida nake so mai tsakar gida da zaure, ba irin wanda baƙon maigida zai faɗo falo ina tsaka da aiki ba. Ya ce Hajiya an gama, amma sai kin yi haƙurin yawo.

Yawo kam mun sha. Gwallameji da Yalwa shi da kansa ya ce mu bar su, wai saboda Federal Poly da jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ɗalibai sun cika wajen, masu gida sun fi son yanka ɗakuna ƙanana su ba 'yan makaranta, ga hayaniya har dare. Gida Dubu akwai tsari, layuka a miƙe, amma gidajen kusan duk fasali ɗaya ne. Tsohuwar GRA kuwa wallahi ta burge ni, manyan bishiyoyi, baranda mai faɗi, fili isasshe, sai dai kuɗinta ba namu ba ne.

Wanda muka kama yana wajen Inkil ne a hanyar Gombe, kuma a nan na san mutumin nan ya san gini. Bulo da siminti ne amma an yi shi da tsarin gidan Hausa: zaure a gaba da dakali, sai ka karya kwana kafin ka shiga ciki yadda na waje ba zai hango mata ba, tsakar gida da bishiyar darbejiya, ɗakuna sun kewaye ta, a saman ƙofa an fitar da zankwaye an zana dagi. Rufin ma an ɗaga shi sosai, kuma wanda ya san zafin Maris da Afrilu a garin nan ya san amfanin haka. Baba ya ce yanzu kowa dogon kwano da tayil yake so, a shafe fili duka da siminti, yaro ko ƙasar wasa ba zai samu ba, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Abin na min ciwo, domin jihar da take da Gidan Madaki a Kafin Madaki, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun wajen 1860 da ƙasa da azara kuma yana nan tsaye, bai kamata a ce 'ya'yanmu su tashi ba su san mene ne zaure ba.

Abin da ya ƙara min yarda da shi, ya sa mun koma unguwar bayan Magariba mu ga yadda take, ya nuna mana masallaci da Islamiyya da kemis, ya haɗa maigida da mai unguwa, ya kuma ce in shiga maƙwabta in tambayi mata maganar ruwa da bakina. Ruwan famfo na dam ɗin Gubi ba kowane layi yake kaiwa ba, namu rijiya ce da bohol na maƙwabci.

Inda ya gaza: ba ya cika lokaci ko kaɗan, a ce ƙarfe goma sai azahar, wayarsa kuma kullum a kashe. Sannan bai faɗa mana layin yana caɓewa da damina ba, sai da ruwan Agusta ya sauka muka gani, mota ba ta shiga sai a ajiye ta bakin titi a ɗauko yara a hannu. La'adarsa kashi 10 cikin 100 na kuɗin haya ya karɓa, ya faɗa tun farko bai ƙara ko sisi ba, kuma ya tsaya sai da aka rubuta yarjejeniya da shaidu. Ƙanwata ma na tura ta wajensa, na dai ce mata ta je ganin gidan ranar da aka yi ruwa.