Sun ceto min ƙafar inji, amma batir ɗina ya tafi a banza

'Yan uwa mazauna Minnesota masu kwale-kwale mai inji, ga yadda ta kaya tsakanina da wani garejin ajiyar hunturu da ke kusa da tafkin Minnetonka. Nawa irin wanda injinsa ke ciki ne, ƙafar da ke ɗauke da farfela kuma tana rataye a baya, ƙirar MerCruiser. Na kai shi a watan Oktoba, na biya cikakken aiki: zubar da ruwan inji, canjin mai, naɗe jirgin da leda, da ajiyar batir. Kuɗin kun san shi, ba sai na faɗa ba.

Zan fara da alherin, domin makanikensu, wani dattijo marar yawan magana, ya yi min abin da har yau nake gode masa. Kira na ya yi a waya ya ce in zo in gani da idona kafin ya ci gaba. Man giyar da ya zuƙe daga ƙafar ya ajiye min a kwalba, launinsa kamar shayi mai madara. Ruwa ne ya shiga. Da ya kwance farfela sai ga zaren fatsa ya nannaɗe a jikin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya farfela, ya narke ya zama zobe, ya cinye robar da ke tare mai. Duk bazarar nan jirgin na tafiya lafiya lau, ko ƙara ban taɓa ji ba, ashe ɓarna na gudana a ƙarƙashin ruwa. Wanda ya yi Janairu a garin nan ya san sanyi kan wuce digiri 20 ƙasa da sifiri, kuma ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari. Wannan ɗan kumburin ya isa ya tsaga gidan giyar, ko da bai tsaga ba, tsatsa za ta kwanta wa ƙarafan tsawon wata biyar zuwa shida. Ya sa sabuwar roba, ya hura wa ƙafar iska ya nuna min ma'aunin bai sauka ba, sannan ya ɗura sabon mai daga ramin ƙasa har ya ɓullo ta sama. Ya kuma duba robar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke haɗa ƙafar da jikin jirgi, wadda idan ta yage jirgi kan iya nutsewa, ya ce a bar ƙafar a sauke kada a ɗaga ta, don ruwa ya tsiyaye kuma robar kada ta kwana a miƙe. Wallahi ranar na fito ina ce wa kowa ya kai nasa can.

To, amma fa batir.

Ƙarshen Afrilu, bayan ƙanƙarar tafki ta narke, na je ɗauka don in shirya kafin a buɗe kamun kifi a watan Mayu. Batir ɗin da takardarsu ta ce za a cire a ajiye a ɗaki ana yi masa caji, a cikin jirgin na same shi, wayoyinsa a ɗaure yadda na bar su. Gefensa ya kumbura, mita ko volt 11 ba ta nuna ba. Lafiyayyen batir mai cikakken caji 12.6 yake nunawa, kuma irin wannan sanyin namu ba ya daskarar da shi. Amma idan an bar shi a jone, rediyo da sauran kayan wuta suna tsotsarsa a hankali, ruwan batir ɗin ya salance, sanyi kaɗan ƙasa da sifiri ya isa ya mayar da shi ƙanƙara. Masu wannan sana'a sun fi ni sanin haka, shi ya sa abin ya yi min ciwo.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne amsar da na samu a ofis. Wai batir ɗin dama ya tsufa. Na nuna musu tambarin kwanan watan da ke jikinsa, sai maganar ta koma wai za su rage min wani abu a ajiyar baɗi. Ba wanda ya ce yi haƙuri. Kuma tunda ana maganar, ledar da suka naɗe jirgin ba su bar mata isassun kafofin iska ba, kujerun baya duk sun yi fumfuna, sai da muka wuni muna goga ni da yara.

Ƙafar injin zan sake mayar wa dattijon nan, in dai yana wurin, kuma zan nemi shi da kansa ya taɓa ta. Batir kuwa na sayi sabo, na haɗa da ƙaramar cajar nan da ke tsayawa da kanta idan ya cika. Bana da hannuna zan cire shi, in goge kawunansa, in ajiye shi a ɗakin ƙasa na gidana, ina auna shi duk wata.