Keken Shiga Taɓo: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Zaro Kuɗinka

Wanda bai taɓa gangarowa daga kan tudu a keke ana yayyafi ba, taɓo na fallatso masa har cikin haƙora, ba zai gane abin da ke fitar da mutum mai hankali daga ɗaki a watan Agusta ba. Ƙura ta kwanta, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika hanci, tayar baya ta ɗan zille ka maido ta, gabanka ya faɗi, can kuma ka ji kana dariya kai kaɗai kamar yaron da ya faki idon uwarsa ya shiga wankan ruwan sama. A Jos kuwa, inda ruwan shekara kan kai wajen milimita 1,400, in ka ce sai gari ya bushe za ka hau, to ka jingine kekenka tun daga Mayu har Satumba.

Keken farko da na shiga laka da shi irin mai ɗaukar idon nan ne: shok gaba, shok baya, giya 21, fenti sai walƙiya. Na nufi wajen duwatsun Shere da shi ta wani burtali, washegarin wani ruwa mai ƙarfi. Ban yi nisa ba jar laka ta fara naɗewa a taya, ta taru a wajen birki, ta cushe tsakanin taya da ƙarfe, har tayar baya ta tsaya cak. Na karyo tsinke na sakace, na hau, taku kaɗan ta sake cushewa. Ƙarshe dai ni na ɗauko keken a kafaɗa, ga nauyinsa ga na laka. Da na kai wa wani dattijo mai gyaran keke, bai ko taɓa sifana ba.

"Ɗana, sa yatsanka nan," ya ce, yana nuna tsakanin taya da ƙarfen baya.

"Baba, ba ya shiga."

"To ina kake so laka ta bi ta wuce?"

Wannan shi ne gwajin farko, kuma kyauta ne. Kafin ka tambayi farashi, kafin ka ƙirga giya, ka zura yatsa tsakanin taya da jikin keken, gaba da baya, sama da gefe. In yatsa bai shiga a sake ba, wuce gaba komai kyan fentinsa. Kusan komai na keke ana iya canzawa daga baya, ban da wannan tazarar.

Taya

Nan ya kamata kuɗinka ya fi zama. In ana maganar damina, tayoyin hawan dutse kashi 3 ne. Akwai mai ƙananan haƙora a cunkushe, wadda aka yi don busasshiyar ƙasa. Tana da gudu, ba ta da nauyi, amma tana shiga laka taɓo zai cike tsakanin haƙoran, ta koma sumul kamar tsohuwar tayar da ta cinye. Yawancin kekunan kasuwa da ita suke zuwa.

Akwai ta taɓo zalla, mai dogayen haƙora a wawware kamar ƙusoshi, irin Wetscream ta kamfanin Maxxis ko Dirty Dan ta Schwalbe. Haƙoran kan huda caɓi su kamo ƙasa mai tauri da ke ƙarƙashi, in taya ta juya kuma laka ta watse da kanta saboda babu inda za ta maƙale. A cikin taɓo mai zurfi ba ta da na biyu. Aibinta shi ne tana hawa falalen dutse dogayen haƙoran nan su riƙa lanƙwashewa, ka ji keken na rawa a ƙarƙashinka, a kan kwalta kuma sai ka ce buhu kake ja, ga saurin cinyewa.

Sai ta tsakiya, irin Shorty ta Maxxis ko Magic Mary ta Schwalbe: haƙora masu tsayi daidai misali, da fili a tsakaninsu. Ga mai hawa a Filato, inda yanzu kana cikin jar laka, an jima kana kan dutse mai gansakuka, ita ce zaɓina ba tare da dogon tunani ba. In kuɗin taya ɗaya gare ka, sa ta a gaba. Tayar baya in ta zame wasa ne, ta gaba in ta zame sai dai ka tashi kana karkaɗe haƙarƙari.

Ka kuma danna haƙorin da farce. Roba mai laushi ta fi kama jiƙaƙƙen dutse da saiwar itace, mai tauri ta fi daɗewa, shi ya sa masu hawa da yawa ke sa mai laushi gaba, mai tauri baya. Faɗi kuwa, inci 2.3 zuwa 2.4 ya wadatar. Mutane na ganin ƙatuwar taya mai inci 2.8 su ɗauka ita ce ta taɓo, alhali yawo take a saman laka maimakon ta yanka ta, sannan ta cinye 'yar tazarar da Baba ya sa ni aunawa da yatsa.

Sai iska. Mun saba a bunƙa wa taya iska har ta yi tauri kamar dutse, wanda ya dace da ɗaukar buhun masara a kariya amma ba da santsi ba. Taya mai ɗan laushi ta fi shimfiɗuwa ta kama ƙasa. A nan ne marar tib ta fi mai tib: za ka iya sauke iskarta zuwa wajen psi 22 ko 25 a ma'aunin iskar taya ba tare da tsoron rim ya datse tib ba, ruwan gam da ke cikinta kuma yana toshe hujin ƙaya tun kana tafe. Sai dai ruwan kan bushe bayan 'yan watanni, balle a zafinmu, kuma mai facin bakin titi ba ya ajiye shi. In ba za ka iya kula da wannan da kanka ba, zauna da tib ɗinka, ka ɗan ƙara iska, ka tafi da tib na biyu a jaka.

Mai shakkar abin da taya mai kyau da ƙwararren hannu za su iya yi a cikin ruwa, ya nemi bidiyon Danny Hart, ɗan Birtaniya, a gasar duniya ta gangaren dutse da aka yi a Champéry ta ƙasar Suwizalan a 2011. Ruwa ake yi, hanya ta zama kunu, ya ba na biyu ratar sama da daƙiƙa 11, a wasan da sau da yawa ƙasa da daƙiƙa ɗaya ke raba gardama.

Birki

Matsalar birki tare aka haife ta da wasan hawan dutse a keke. A 1976, lokacin da samari a yankin Marin na jihar Kalifoniya suka fara tseren gangarowa da tsofaffin kekuna, giris ɗin birkinsu ƙonewa yake yi saboda zafi, sai an sake cusa sabo bayan an sauko, har tseren ya samo sunansa Repack, wato "sake cusawa" da Turanci, daga wannan aikin.

Birkin da ke matse rim, irin wanda muka taso da shi, yana da arha kuma kowane mai gyara ya san shi. Amma rim a cikin laka yake kwana. Ka matse birki, sai taya ta zagaya ta goge ruwan kafin ya fara kamawa, yashi kuma na cin rim ɗin kamar ana wasa wuƙa. Shi ne kuma wurin da laka ta fara taruwa a kekena na farko. Don damina, a bar shi.

Birki mai faifai yana can tsakiyar wili, nesa da caɓi. Iri 2 ne. Mai waya ya fi sauƙin gyara, ko a ƙauye za a ɗaure maka, sai dai ruwa da yashi kan shiga rigar wayar ya yi tauri. Mai ruwan mai a rufe yake, da yatsa ɗaya za ka tsayar da keke ko hannunka ya yi sanyi, kuma ƙaramin samfuri irin MT200 na Shimano ba shi da tsada sosai. Shi na fi so, amma da gargaɗi: na Shimano man ma'adinai yake sha, da yawa daga na SRAM kuma man DOT, dangin na birkin mota. In aka zuba wani a wurin wani, robobin ciki su kumbura, birki ya tashi aiki. Kada ka bar kowa ya buɗe shi don kawai ya iya gyaran babur.

Takalmin birkin ma iri 2 ne. Mai laushi da ake kira rezin ba shi da ƙara, amma a cikin yashi da ruwa yana iya ƙarewa a fita kaɗan. Na ƙarfe yana ihu in ya jiƙe, kare ma sai ya waigo, sai dai yana jurewa. Duba jikin faifan tukuna, don wasu masu arha an rubuta musu cewa da rezin kaɗai ake amfani da su.

Sauran jikin keken

Shok gaba da baya, ko gaba kawai? In kuɗinka ba su kai na ƙwarai ba, gaba kawai. Shok na baya yana tafe da gaɓoɓi, kowace gaɓa da boris ɗinta, kowane boris kuma ƙofa ce ga ruwa. A keke mai tsada ana canza su lokaci-lokaci a ci gaba. A mai arha sifirin ne kawai yake tsalle ba abin da ke danne shi, ga nauyi, bayan damina ɗaya bayan keken ya fara kaɗa wutsiya. Da kuɗin da za ka sayi irin wannan sabo, gara ka nemi na gwanjo mai jikin alminiyam da shok ɗin gaba na kirki.

Giya ma yawanta ba shi ne ba. Faranti 3 a gaba yana nufin ƙarin ƙarfen canza giya a daidai inda tayar baya ke watso laka, kuma nan kaca ke yawan sarƙewa. Faranti ɗaya a gaba da giya 9 ko 10 a baya, irin Deore na Shimano ko Advent na microSHIFT, ya fi tsabta, musamman mai ɗan makullin da ke hana kaca tsalle. Mai giya 12 yana da daɗi, amma taɓo tamkar dutsen niƙa ne ga kaca, in ta cinye kuma ta 12 ta fi tsada ta fi wuyar samu. Akwai masu cire giyar gaba ɗaya da damina su hau da guda ɗaya. Ni gwiwata ba ta kai nan ba.

Girman wili: inci 26 shi ne wanda za ka sami tibinsa da tayarsa kusan ko'ina, amma manyan kamfanoni sun rage fitar da sababbin tayoyin taɓo a wannan girman. Inci 29 ya fi haye rami da saiwa, 27.5 ya fi saurin juyawa kuma ya fi dacewa da gajeren mutum. Ka fara tambayar tayar da za ka iya samu, sannan ka zaɓi wili.

In na gwanjo za ka saya, je da rana tsaka, ka goge wuraren walda da tsumma ka nemi tsaga. Kama taya ka girgiza ta gefe da gefe. In ta yi ƙwas-ƙwas, boris ya tafi. Duba sandunan shok ɗin gaba, in sun karce ko mai na tsatsafowa, ka rage kuɗi ko ka haƙura. Kwance sirdi ka ga yana hawa da sauka, don wani tsatsa ta riga ta haɗe shi da jikin keken. Tafi da tef ɗin tela: sabuwar kaca, gaɓa 12 cikakku (kowace cikakkiya ta ciki ce haɗe da ta waje) inci 12 ne cif, in sun zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci to ta gama, mai yiwuwa ta cinye haƙoran giyar baya ma. Sunan kamfani kuwa sitika ce, kowa na iya liƙawa. Ɗaga keken da hannu ɗaya: na kirki mai shok gaba kawai yakan tsaya tsakanin kilo 13 da 15.

Ƙananan kaya ba sa son dogon bayani. Dogon madigadi na ƙarfe irin na tsohon Raleigh cushewa yake yi. Ɗan guntun roba da ake ɗaurewa a ƙarƙashin shok ɗin gaba ya isa ya kare maka ido, wasu ma daga tsohuwar jarka suke yanko shi. Fedar roba santsi gare ta, nemi mai 'yan ƙusoshi, ka kuma shirya wa tabo a ƙwauri. Rigar auduga tana shan ruwa ta yi nauyi ta sa ka rawar ɗari, rigar leda kuma ta jiƙa ka da gumi. Rigar ƙwallo ta fi su duka. Hular kwano ba a cinikinta. Waya a ƙulle ta a leda.

Ka ware wani abu daga kuɗin don abin da damina za ta ci: takalmin birki na ajiya, kaca guda, da man kaca mai kauri na lokacin ruwa. Baƙin man inji da ake ɗiga mana kyauta yashi yake tarawa. Wanki da bokiti da soso tun laka ba ta bushe ba. In ka kai wajen wankin mota suka sa masa bututu mai ƙarfi, sun kore giris sun tura ruwa cikin boris, sai bayan sati biyu ka fara jin kuka. Kada mai ko sabulu mai maiƙo ya taɓa faifan birki.

Akwai kuma abin da ba keken da zai yi maka. In hadari ya haɗo da tsawa, sauko daga kan tudu. Rafin da ka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu yana iya kai maka ƙugu da la'asar, ko da a inda kake ba a yi ɗigo ba. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos da Bukuru zurfinsu ba ya nunawa a ido, bakinsu kuma yana zaftarewa in ya sha ruwa. Burtali da hanyar ƙafa sun ishe ka. Taya mai dogayen haƙora in ta bi ta kan kunyar dankalin mutum, sawunta ba ya ɓoyuwa, kuma gobe ma ta bakin gonarsa za ka wuce.