Tuba mai bawul huɗu: a zaune ta biya kuɗinta, a fareti sai haƙuri

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiyar badujala ya san inda kuɗi ke ƙarewa. A sayi ganguna, a sayi ƙananan ƙahoni, in an zo kan tuba, wato babban ƙahon ƙarfen nan da ya fi kowane ƙaho kaurin murya, sai a ce a bari sai baɗi. Haka muka yi ta yi a ƙungiyarmu ta matasa a nan Jos, har bara muka haɗa karo-karo muka sayi sabuwa, ƙirar ƙasar Sin, ta hannun wani dillalin kayan kiɗa a Legas. Sunan kamfanin ba shi da muhimmanci, don irin waɗannan masu sauƙin kuɗi kusan kamanninsu ɗaya.

Tamu babbar ce, mai muryar bi-filat, wadda in da za a warware bututunta zai kai kusan mita 5.5. Bawul huɗu gare ta a sama, wato maɓallan da ake dannawa a canza murya, bakinta yana kallon rufi, kuma ta zo da akwati mai taya.

Murya dai ba ni da ƙorafi a kanta. Da can yufoniyam, ƙanen tuba mai ƙaramin jiki, muke tilasta wa ɗaukar ƙasan waƙa, shi kuwa ba aikinsa ba ne. Da tuba ta shigo, masu busa kilarinet suka daina yawo, domin yanzu akwai tushen da kunnensu ke kamawa. Rashin irin wannan tushen ne ma ya haifi tuba tun asali. Kafin ita, sojojin Turai suna dogara ne da safent, wani lanƙwasasshen bututun katako da aka naɗe da fata, sai kuma ofikilaid ta ƙarfe mai maɓallai, wadda aka ƙirƙiro a Paris a 1817. Duka biyun ba su iya cika fili idan mabusa sun yi yawa. Wilhelm Wieprecht, shugaban badujalar soja a Berlin, shi ya haɗa kai da maƙerin kayan busa Johann Gottfried Moritz, suka yi wa tuba rajista ranar 12 ga Satumba 1835. Tasu mai muryar F ce, da bawul biyar.

Bawul na huɗu shi ne dalilin da ya sa na nace a ƙara kuɗi, kuma har yau ina kan bakana. A tuba mai bawul uku, idan kana son muryar re (ta cikin do-re-mi) ta ƙasa dole ka danna na ɗaya da na uku tare, muryar kuma ta ɗan haura inda ya kamata ta tsaya. Yaro ɗan koyo ba ya jin bambancin, amma duk ƙungiyar ta ji wani abu ya yi tsami. Da na huɗu kaɗai, re ɗin nan ta zauna daram. Sai dai fa in ka gangara can ƙasa, inda ake haɗa na huɗu da sauran, matsalar ta dawo. Mutanen Ingila sun magance wannan tun 1878, lokacin da David Blaikley na kamfanin Boosey a Landan ya fito da tsarin da ke ƙara wa iska 'yar hanya da kansa idan an haɗa bawul. Tamu ba ta da shi, kuma a wannan farashin ban sa rai ba. Dabara ita ce ka ɗan ja bututun bawul na ɗaya, amma da yake bawulolin a sama suke, hannun hagu yana rungume da ita, kaiwa can sai da wahala. Sa'ar da muka yi, waƙoƙinmu ba su cika sauka can ba.

Bakin busa da ya zo da ita kuwa, a ajiye shi kawai. Ba shi da zurfi, gefensa yana cin leɓe, muryar kuma ta fito a bushe. Na sa aka kawo mana irin wanda ake kira Helleberg, mai zurfi, mai siffar mazurari. Sunan August Helleberg ya ci, ɗan asalin Denmak da ya yi busa a ƙungiyar John Philip Sousa, shahararren shugaban badujala na Amurka, da kuma babbar ƙungiyar kiɗa ta Chicago. Daga canza wannan ɗan ƙaramin ƙarfe, muryar ta yi kauri ta yi laushi. Duk wanda zai sayi irin tubar nan ya ware kuɗinsa tun farko.

Tana shan iska sosai, wannan kam ba laifinta ba ne. Iyaye kan kawo mini yaro mai ƙiba su ce ga mai tuba, ni kuma in yi dariya. Arnold Jacobs, wanda ya riƙe tuba a Chicago daga 1944 zuwa 1988, yana fama da asma, amma wurinsa mabusa daga ko'ina suke zuwa koyon numfashi. Carol Jantsch kuwa tana 'yar shekara 21 ta hau kujerar tuba a babbar ƙungiyar kiɗa ta Philadelphia a 2006. A wurinmu ma wadda ta fi kowa iya cika ta yarinya ce siririya.

Yanzu ga inda araha ta nuna halinta. Da hunturu ya kama, bawul na biyu ya fara maƙalewa. Ƙurar Jos tana shiga ta ko'ina, ta haɗu da mai ta zama laka. Dole a zare fistin, wato sandar da ke cikin bawul, a goge da tsumma mai laushi, a sa man bawul kafin kowace busa. Kada wanda ya kuskura ya sa man keke ko na girki. Ruwan ƙyallin da aka shafa mata ya fara ɓarewa daidai inda gumin hannu ke taɓawa. Sannan wata 'yar madogara da ke riƙe bututun baki ta saki, saboda likin bai kama da kyau ba daga masana'anta. Na kai wa wani dattijo mai gyaran lagireto, tunda su ne suka saba lika tagulla da dalma. Ya juya ta, ya leƙa ciki, ya ce, “Malam, wannan ai lagireto ce da ta yi boko.” Na ce, “Baba, a dai rage wuta, kada sauran likin ya narke.” Ya naɗe kewayen da jiƙaƙƙen tsumma, ya lika, har yau ba ta sake motsi ba. Tayar akwatin ma ba ta jure hanyarmu ba, yanzu mutum biyu ke ɗauka.

Batun fareti shi ne babban abin da ya kamata mai saye ya sani. An ƙera tubar nan ne don a zauna a ɗora ta a cinya. Mun gwada ta da maɗauri a wani fareti, mai busa ya dawo kafaɗa a sage, muryar kuma sama take tafiya, na gaba ba sa ji. Abin mamaki, susafon, wato tubar da ake ratayawa a jiki wadda kowa ke gani a fareti, ba don tafiya aka fara yin ta ba. Sousa ya bar shugabancin badujalar rundunar Marine ta sojan Amurka a 1892 ya kafa tasa, yana son muryar ƙasa mai laushi da zai lulluɓe ƙungiya a dandali, sai J. W. Pepper na Philadelphia ya ƙera masa ita wajen 1893, bakinta na kallon sama. Sai a 1908 kamfanin Conn ya juyo da bakin gaba, masu fareti suka karɓe ta.

Saboda haka idan yawancin aikinku a zaure ne ko a coci ko a taron makaranta, ku saya. Idan fareti ne abincinku, ku nemi susafon ko da ta gwanjo ce. Kafin ku biya, ku ja bututun kowane bawul ba tare da kun danna shi ba: in ya fito da ƙarar “fof”, iska ba ta zurarewa, in ya fito shiru, ku ce a ɗauko wata.