Sharhi kan Sashen Allurar Kansar Furostat a Wani Asibitin Koyarwa

Wannan sharhi ya shafi sashen da ke duba mazan da kansar furostat ta riga ta bazu a jikinsu, a wani asibitin koyarwa na Arewa inda nake raka mahaifina karɓar allura. Furostat ƙullutu ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma idan kansarsa ta yaɗu takan fi kama ƙashin baya da na ƙugu. Abin da ke ciyar da ita shi ne sinadarin testosteron, wanda mafi yawansa 'ya'yan maraina ke samarwa. Tun a 1941 Charles Huggins da Clarence Hodges suka nuna a Shikago cewa idan aka katse wannan sinadari cutar takan lafa, aikin da ya sa Huggins ya samu kyautar Nobel a 1966, kuma a kansa sashen yake tafiya har yau.

Allurar da ake yi wa Baba ita ce goserelin, wadda aka fi sani da Zoladex, ana dasa ta ƙarƙashin fatar ciki, ko mai miligiram 3.6 duk kwana 28, ko mai 10.8 duk mako 12. Inda likitocin suka fi burge ni shi ne kafin allurar farko, domin sai da suka ɗora shi a kan ƙwayar bicalutamide, mai tare aikin testosteron a jiki, suka kuma bayyana mana dalili: a kwanakin farko allurar kan sa testosteron ya hau kafin ya sauka, kuma ga wanda cutar ta kai masa ƙashin baya, wannan hawan na iya tsananta ciwo, ko toshe fitsari, ko ma danne laka har ƙafafu su mutu. Ba su ɓoye mana cewa maganin danne cutar yake yi, ba kawar da ita ba, kuma suna bin gwajin jini na PSA, wani sinadari da furostat ke fitarwa, domin gane lokacin da ta fara bijirewa. Ciwon bayan Baba ya ragu ƙwarai, barci ya dawo.

Sai dai ɗakin magani na asibitin yakan wayi gari babu allurar, a tura mutum waje ya saya, alhali magani ne da ba a so zafin wurin ajiyarsa ya wuce digiri 25, kuma kowa ya san bazarar ƙasar nan. Ranar allura ma takan goce saboda cunkoso.

Babban ƙorafina shi ne gajerta bayani kan illoli. Zafin jiki da zufa da ke taso wa mutum ba zato, da gushewar sha'awa, da raunin ƙashi, da yiwuwar hauhawar sukari, duk a gurguje aka ambace su, kuma dattijo ba zai yi tambaya kan sha'awa a gaban ɗansa ba. Kamata ya yi a riƙa keɓe shi da likita. Haka aka gilma ta kan tiyatar cire 'ya'yan maraina, wadda sau ɗaya ake yi, tana kuma sauke sinadarin kamar yadda allurar ke yi ba tare da kashe kuɗi duk wata ba. Na san maganar tana da nauyi a wurin kowane namiji, amma iyalin da ke sayar da amfanin gona domin allura sun cancanci a zauna da su a kanta, musamman da yake idan cutar ta bijire, magunguna na gaba irin su abiraterone sun fi wannan tsada.