Wace taswira ta fi dacewa da mai neman fili a bayan garin Kaduna?

Tun daga shekarar 2000 da Amurka ta daina dagula siginar GPS ga farar hula, da kuma 2008 da ta buɗe hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat kyauta, bayanan da a da sai gwamnati da manyan kamfanoni ke da su sun shigo wayar kowa. Abin da ya rage wa mai shirin sayen fili a bayan Rigasa ko Rigachikun shi ne ya san wadda zai ɗauka.

Google Maps tana da kyau wajen kai mutum Kawo ko Kasuwar Barci, amma an gina ta ne domin tituna da shaguna. Hotunan tauraron ɗan Adam na Sentinel-2 na Tarayyar Turai kuwa, kowane ɗigo a cikinsu mita 10 ne, don haka fuloti mai ƙafa 50 da 100 ba ya wuce 'yan ɗigo kaɗan. Amfaninsu shi ne ganin inda ruwa ke kwanciya a gefen Kogin Kaduna da damina.

Wadda na fi natsuwa da ita ita ce manhajar waya mai suna OsmAnd, wadda ke aiki da bayanan OpenStreetMap, taswirar da aka fara a Birtaniya a 2004 kuma masu sa kai ke zana ta har yau. Mutum zai sauke taswirar a gida, ya shiga daji inda babu sabis ko kaɗan, ta ci gaba da nuna masa inda yake tsaye. Zai iya ajiye lambobin GPS na kowace kusurwa ta filin, ya kuma naɗi sawun tafiyarsa tun daga bakin kwalta, ta yadda ko bayan shekara biyu ciyawa ta rufe hanya zai koma daidai wurin. Gaskiya ne tana da maɓallai barkatai, kuma sai an yi haƙurin kwana biyu kafin hannu ya saba.

Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da ke nuna mai fili, kuma ta nan aka cuce ni. Wani dillali ya kawo mini hoton tauraron ɗan Adam da aka buga da launi, an zagaye wani fegi da jan layi, har da lambobi a gefe. Na ga abin ya yi kama da na hukuma, na ba da kafin alƙalami. Da safiyo ya je, sai ya tarar bikon da aka nuna mini, wato alamar iyakar fili, siminti ne da aka zuba kwanan nan, lambobin kuma sun faɗa cikin wani kwazazzabo. Irin wannan hoton kowane yaro zai iya haɗa shi a shagon kwamfuta cikin 'yan mintuna. GPS ɗin waya ma yakan kauce da kusan mita 5, wanda ya isa ya jefa katangar mutum cikin filin maƙwabcinsa. Wasu dillalan kuma da rani kawai suke yarda a je duba wuri, don kada a ga inda ruwa ke kwanciya.

Tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna, kuma a Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye. Don haka a kai mata lambar fayil a bincika, a ɗauki safiyo mai rajista wanda ba dillalin ne ya kawo shi ba, sannan a sake komawa filin cikin watan Agusta da takalmin roba.