Murhun ɗumama gida: tsohon bututun hayaƙi ko sabo?

Masu shirin sanya murhun ɗumama ɗaki mai cin itace da kwal suna yawan tambayata ko su bi da hayaƙin ta tsohon bututun gini, ko su kafa sabon bututun ƙarfe mai ruɓi biyu.

Wajen kuɗin aiki, tsohon bututu ya fi araha, domin galibi share shi kawai ake yi, a zura masa bututun ƙarfe mai lanƙwasuwa daga sama, a haɗa da murhu, kuma sau da yawa kwana ɗaya ya isa. Sai dai dole a fara gwada shi da hayaƙi, domin idan aka tarar da tsagewa, ladan magini na iya cinye rarar baki ɗaya.

Sabon bututu kuwa sai an huda bango ko rufi, an toshe kafar ruwan sama, wani lokaci har an kafa katakon hawa, shi ya sa ladansa ya fi yawa, amma mai gida ne ke zaɓen inda murhu zai zauna.

Wanda bututunsa ke da ƙarfi, gyara ya fi dacewa da shi. Wanda ba shi da bututu, ko nasa ya lalace, sabo zai fi amfanarsa.