Tsofaffin Taswirorin Faransawa a Wani Shagon Lekki

A kasuwar kayan gargajiya ta Lekki akwai wani ɗan shagon tsofaffin taswirori, inda wani dattijo Bakano ya shimfiɗa mini taswirar Faransawa ta gaɓar Dahomey (Jamhuriyar Benin ta yanzu), daga zamanin yaƙinsu da Sarki Behanzin a 1892. Takardar ta yi ja saboda tsufa, amma Kwatano, Wida da Porto-Novo sun fito sarai, har da ƙananan lambobin da ke nuna wa jiragen yaƙi zurfin ruwa. Na yaba da gaskiyarsa, domin game da wata taswirar daban mai ɗauke da sunan Bellin, wani Bafaranshe mai zana taswira a ƙarni na 18, da bakinsa ya ce, "Alhaji, waccan ta Bellin kwafi ce, ba ta asali ba." Abin da ya dame ni shi ne ajiyar, domin danshin Legas ya fara cin gefunan takardun da aka naɗe cikin leda.